Daudu Duba-gari da Gidan Sinasir

Duk wanda ya zauna a Kazaure a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ya san Malam Daudu, ko da yake yawancin matan gari ƙeyarsa kawai suka sani, ita ma ta kafar katanga. Shi ne duba-gari. Aikinsa ya bi gida-gida da kakinsa da littafinsa da wani ludayi mai dogon hannu, ya leƙa randa, ya duba kwata, ya tabbatar an rufe bakin masai. In ya tsoma ludayin nan ya ɗago da tsutsar sauro, to sai mai gida ya fara neman rigar da zai sa ya je gaban alƙali.

Mutumin Gwiwa ne, daga cikin Fulanin da suka daɗe da jingine sanda suka ɗauki fartanya. Dogo ne siriri, mai sanyin murya. In yana karanta maka laifinka sai ka zaci gaisuwa yake yi, har ka kusa amsawa da “lafiya lau.” Ba shi da mugunta ko kaɗan, kuma ba a taɓa jin ya karɓi ko goro a bakin aiki ba. Lalurarsa guda ce: bai iya ganin abu ya yi kamar bai gani ba. Ranar da ya je gaisuwar surukai a Roni aka kawo masa ruwa a kwanon sha, kafin ya kai baki sai da ya ɗaga kwanon wajen haske ya ɗan karkata shi. Ya ce hannunsa ne ya yi, ba shi ba. Surukarsa dai ta gani.

Da matarsa Tasalla ta samu cikin fari, aka ɗauke ta zuwa Roni goyon ciki kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, aka yi suna, aka yi arba'in, Daudu ya aika a tambayi ranar dawowa. Surukar ta ce wanka ba a yin sa da gaggawa, yarinya ba ta yi ƙwari ba tukuna, a ƙara wata uku. Wasu sun ce lafiyar 'yarta take dubawa. Wasu sun ce kwanon shan ne.

Haka Daudu ya koma gwauro a gidan haya a unguwar Kanti, ga shi ko ruwan zafi ya ɗora sai ya ƙone. Ranakun aiki da sauƙi, yana lallaɓawa da shayi da burodi a wajen Haladu mai shayi na bakin tasha, wanda yake wanke masa kofi sau uku yana kallon idonsa. Ran Lahadi ce matsala. A lokacin ne aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya sa kowane malamin ofis ya sayi babur ko rediyo, kuma a lokacin ne suka koyi wata sabuwar al'ada: in an yi sallar asuba ran Lahadi sai a koma a miƙe, ba a tashi sai rana ta ɗaga sosai. Mutum ya farka da wata irin yunwa da ta fi ƙarfin koko da ƙosai, ba ta kuma da haƙurin jiran abincin rana. Mai iyali a dafa masa. Wanda ba shi da kowa kuwa sai ya nemi inda zai sa kansa.

Maƙwabcin ɗakinsa, Malam Muhammadu Lawal, malamin firamare ne kuma shi ma iyalinsa suna Babura, amma shi bai rame ba. Kowace Lahadi da ƙarfe goma zai hau kekensa ya fita, ya dawo kafin azahar leɓe na ƙyalli, ido na lumshewa.

“Malam Lawal, daga ina haka?” in ji Daudu wata rana.

“Dubiya na je. Wani dattijo ne ba lafiya a Unguwar Gabas.”

“Allah ya ba shi lafiya. Wancan makon ma shi ne?”

“Shi ne. Ciwon baya, ka san ba ya jin magani.”

Daudu ya dubi hannun rigar Lawal, inda ɗigon miyar taushe ya samu wurin zama, ya kuma shaƙi ƙamshin da ya biyo shi tun daga ƙofa. “Majinyacin nan dai yana samun kula. Har da man shanu.”

Lawal ya ce maganin shafawa ne, ya shige ɗaki ya ja labule.

Gaskiyar maganar ita ce, can cikin wani lungu a Unguwar Gabas akwai wata tsohuwa Babarbariya, Ya Kura, wadda mijinta Baba Madu ya zo da ita daga gabas tun yana fataucin kanwa da bandar kifi. Ran Lahadi kaɗai take yin sinasir, da hantsi, a ci a zauren gidanta. Mutum goma sha wani abu ne suka san wurin, kuma duk sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: kada duba-gari ya sani. A ganinsu ranar da ya taka zauren nan, ranar za a kife kaskon suya.

Daudu bai san da wannan yarjejeniya ba. Hancinsa dai ya gaya masa sinasir ne, ya kuma ji sunan unguwa, don haka Lahadin da ta biyo baya ya tayar da baburinsa ya nufi can. Kuskurensa na farko ke nan. Babu macen da ba ta san kukan babur ɗin nan ba. Tun yana bakin kasuwa labari ya fara tsallake katanga, “ga mai ludayi nan,” kafin ya iso an zare itace daga kowane murhu a unguwar. Har masu dafa wa 'ya'yansu wake sun kashe wuta, don ba a san abin da doka ta hana ba a makon nan.

Ya tsaya wajen wani tela, Mamuda, ya yi sallama ya ce, “Don Allah ina ake sinasir a unguwar nan?”

Mamuda, wanda bai fi rabin awa da suɗe hannunsa ba, ya dubi sama yana tunani. “Sinasir. A nan kuwa? Ranka ya daɗe, ina jin sai Sabaru.”

Daudu ya yi godiya ya kama hanya. A Sabaru wani tsoho ya ce shi dai ya taɓa jin ana yi a Kanti, wato bayan ɗakin Daudu. Mako na biyu ya bar babur ya tafi a ƙafa cikin farar riga, ya manta cewa hularsa tana wuce katangar mutane da kamu guda. Wata dattijuwa mai suna Uwa ta tare shi a bakin lungu, ta gaishe shi da aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi jaririya, sannan ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin sunan abin nan ba, ko magani ne? Tana maganar tana ɗaga murya yadda na ƙarshen lungu zai ji.

Abin ya dame shi fiye da yadda ya nuna. Ba yunwar kaɗai ba. Shekara huɗu yana garin nan, kowa yana gaishe shi da ladabi, amma ba wanda ya taɓa matsa masa tabarma ya ce bismilla. Da yamma ya ce wa mai shayi, “Haladu, ni fa ci kawai zan yi.”

“Haka ne, ranka ya daɗe,” in ji Haladu, ya sake mayar da kofin cikin ruwa.

A ƙarshe aikin da ya hana shi wurin, shi ya nuna masa hanya. Wata Asabar yana zagayen duba kwatoci a Unguwar Gabas sai ya ga wani farin ruwa yana gangarowa ta makwararar lungu. Ya durƙusa ya duba. Ruwan wankin shinkafa ne, kuma mai yawa, ba irin na tukunyar gida ɗaya ba. Ya bi shi a hankali kamar mai bin sawun ɓatacciyar saniya, har ya kai shi wani gida mai ƙaramin zaure da bishiyar lemun tsami tana leƙowa ta kan katanga. Bai buga sallama ba. Ya wuce abinsa yana haɗiyar yawu.

Washegari bai jira hantsi ba. Daga sallar asuba ya zarce ƙaramin masallacin da ke bakin lungun, ya zauna a ciki da carbi, inda ba mai zargin mutum da komai. Wajen ƙarfe goma ya ji ana jingine kekuna a jikin bangon masallacin, ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da babu sallar da ake yi. Ya bari har ƙamshi ya cika lungun, sannan ya miƙe.

“Salamu alaikum.”

Mutum shida ne a zauren, kuma kwano shida suka ɓace a ƙarƙashin manyan riguna kafin a amsa sallamar. Mamuda tela ya kama duba ɗinkin tabarma. Malam Lawal yana daga kusurwa, kumatunsa cike.

“Malam Lawal,” in ji Daudu, “ya mai jiki?”

Lawal ya haɗiye da ƙyar, ya nuna mai gidan, Baba Madu, da ke kishingiɗe a kan buzu yana bin su da ido. “Ga shi nan. Da sauƙi.”

Baba Madu ya dubi Lawal, ya dubi baƙon, sannan ya tuna ya kama ƙugu ya yi nishi.

Sai ga Ya Kura ta fito daga cikin gida riƙe da faranti. Gajeriya ce kakkaura, da tsagen mutanenta a kumatu, ƙamshin turaren wuta da na albasa suna rige-rigen isowa kafin ita. Ta ga ko wane ne, ta tsaya cak, amma ba ta ja da baya ba.

“Maraba da Malam Duba-gari. Nan ba a sayar da komai. Sadaka nake yi wa bayin Allah.”

“Ya Kura, ba aiki ya kawo ni ba. Yunwa ce.”

“To ga sadaka.” Ta dire farantin a gabansa. Sinasir uku ne, farare tas, samansu duk 'yan huji, gefensu ya yi ja-ja, ga miya a ɗan kwano, mai na yawo a kanta.

Daudu ya zauna, ya sa hannu a aljihu. “Zan biya.”

“Ba a biyan sadaka.”

“Ni kuma ba na cin kyauta a gidan da aikina zai iya kawo ni.”

Kowa ya gane inda aka maƙale. In ta karɓa, ta yarda sana'a take yi, kuma a tunaninta sana'a ita ce take jawo littafi. In ya ci bai biya ba, gobe gari ya ce an toshe bakin duba-gari da sinasir uku. Farantin yana tsakaninsu, tururinsa yana raguwa, shi kuwa Daudu yana kallonsa kamar mai rakiyar ɗan'uwa tasha.

Ya Kura ce ta gaji da farko. “Kai ba za ka ci ba, ni ba zan karɓa ba, abinci kuma yana hucewa. Tashi ka duba gidan. Abin da za ka yi mini gobe yi shi yau, in san matsayina.”

“Ban zo da ludayi ba.”

“Ina da ludayi.”

Ba a taɓa ganin duba-gari ya shiga gida yana jan ƙafa kamar ran nan ba. Ya san kansa. In ya ga wani abu zai faɗa, in kuwa ya faɗa, shi da zauren nan har abada. Ya ɗaga faifan randar farko yana addu'a a zuci. Ruwa garau. Ta biyu ma haka, ta uku har da farin ƙyalle a ɗaure a bakinta. Kwata a share, masai a rufe, ƙullun sinasir a lulluɓe, ko ƙuda babu. Zuciyarsa ta fara sauka. Ya juya zai fita ke nan sai gefen idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar tukunya mai ɓantaren baki, a gindin lemun tsami, an rufe ta da tsumma.

Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya dubi sama, ya yaba 'ya'yan lemun, ya yi taku biyu zuwa ƙofa. Ƙafarsa ce ta dawo da shi. Ya ɗaga tsumman. Baƙin ruwa ne da wasu saiwoyi a ciki, tsutsar sauro kuwa tana ta tsalle-tsalle kamar an yi mata kiɗa.

Mutanen zaure sun taru a bakin ƙofa suna leƙe. Lawal ya ce a hankali, “Malam, inuwar ganye ce.”

“Tsutsa ce,” in ji Daudu, da muryar nan tasa mai kama da gaisuwa. “Ya Kura, ki yi haƙuri. Dole a zubar da ruwan nan a kife tukunyar. Na farko gargaɗi ne, amma dole a zubar.”

Ya Kura ta zuba masa ido. “Sake faɗa.”

“Na ce dole a zubar.”

“Ɗaga murya, ɗan nan, yadda na kan buzu zai ji.”

Daudu ya ɗaga murya, bai san dalili ba. Sai ya ga fuskar tsohuwa ta washe har haƙoranta masu jan goro sun bayyana. Ta juya wajen zaure. “Malam, ka ji ko? Hukuma ce ta faɗa, ba ni ba.”

Baba Madu ya shigo da saurin da bai dace da mai ciwon baya ba. Ashe jiƙonsa ne. Saiwoyi ne da wani abokin fatauci ya kawo masa daga Gaidam, yake kurɓar ruwansu kullum da safe, in ya ragu ya ƙara wani a kai. Shekara bakwai ke nan Ya Kura tana roƙo a zubar da tukunyar, shekara bakwai yana cewa ranar da aka taɓa ta zai koma garinsu.

“Tsutsar nan ita ce shaidar maganin yana da rai,” in ji shi. “In maganin banza ne me za ta zo yi a ciki?”

“Baba, ita ce take zama sauron da yake cizonku.”

“Ni sauro ba ya cizona. Saboda jiƙon.” Ya matso ya ƙare wa Daudu kallo tun daga hula har takalmi. “Wai kai ɗan wane ne da za ka kife mini magani?”

“Ɗan Buba ne na Gwiwa.”

Tsoho ya sake duban dogon hancin da siraran ƙafafun. “Ashe Bafulatani ne. Na ce ramar nan ba ta yunwa kaɗai ba ce. Yanzu mutanen da suke sha a ƙwarya ɗaya da maraƙi su ne za su koya wa Babarbare tsafta?”

Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Daudu ya sani, sai dai shekara huɗu ba wanda ya tsokane shi a garin nan, har ya kusa manta yadda ake ramawa. Ya ɗaga ludayin, ya dubi abin da ke iyo a ciki.

“Baba, wannan ko maraƙinmu aka miƙa wa, sai ya nemi a raba gari.”

Mamuda tela ne ya fara fashewa da dariya, kwanon da ya ɓoye ya suɓuce daga cikin rigarsa. Baba Madu ya so ya ɓata rai, abin ya ƙi. Aka yi sulhu a tsaye: za a wanke saiwoyin a shanya, in yana so a tafasa masa sabo kowace safiya. Ya Kura da kanta ta ɗauki tukunyar, ta ce kada kowa ya taimake ta, ta tuttular da ita a bayan gida tana wata 'yar waƙa da yarensu.

Da aka koma zaure ta tura wa Lawal farantin da ya huce, ta ce ladan ƙarya ke nan, sannan ta soya wa Daudu sabo. “Yanzu bakinka ya riga ya faɗi abin da zai faɗa, ba sauran abin toshewa. Kawo abin da ka ce za ka biya.” Ta karɓa ta ɗaure a bakin zani.

Ya yi bismilla ya yagi gefe. Laushi kamar auduga, da ɗan tsami-tsamin ƙullun da ya kwana, miyar kuwa ta sha kabewa da gyaɗa da ƙashin da ya daɗe a kan wuta. Sai a na biyar ya ɗago ya ce wa Lawal, “Allah ya isa tsakanina da kai,” ya ci gaba.

Abin da ba wanda ya hango shi ne yadda gari zai ɗauki labarin. Kafin Laraba kowa ya ji cewa duba-gari ya ci abinci a gidan Ya Kura har ya suɗe kwano, kuma mutane suka yanke hukunci cewa wurin da mutumin nan ya sa wa hannu ya fi asibiti tsafta. Lahadin da ta zo, Daudu ya iso ƙarfe goma daidai, a kan baburinsa, ba ɓoye-ɓoye. Ya tarar da lungun ya cika: malaman ofis, direbobin tasha, har da wasu 'yan kasuwa daga ƙetaren iyaka da suka tsaya suna tambaya ko ana karɓar sefa. Lawal yana tsugune a waje hannu wayam, ya ƙi amsa gaisuwa.

Ya Kura ta leƙo, gumi na zuba. “Ƙullu ya ƙare. Kai ka jawo.”

Daudu ya ce ba komai, Allah ya ƙara kasuwa. Ya juya a hankali ya kama hannun babur.

“Ina za ka? Wa ya ce ka tafi? Zaure na baƙi ne. Shiga ciki.”

A gindin lemun tsami, daidai inda tukunyar take a da, an shimfiɗa tabarma. Baba Madu yana zaune a kai, da faranti a rufe a gabansa, bai taɓa ba. Nan ne ya zama wurin Daudu kowace Lahadi har shekara goma sha ɗaya, sai da tsoho ya rasu, amma ran nan bai san da haka ba. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi.

“Zauna, Bafulatani,” in ji Baba Madu, ya tura masa buta da ƙafa. “Wanke hannu tukuna, har gwiwar hannu. Mu gidan nan ba ma wasa da tsafta.”